Agogon Miliyan Shida da Ɗan'uwansa na Jika Ashirin

A gefen Kasuwar Dole ta Zinder akwai wani dattijo mai gyaran agogo da na sani tun ina ɗan lakwal. Teburinsa bai kai tabarmar salla ba. A kai akwai ɗan akwatin gilashi da ƙurar hunturu ta dusashe, ciki kuwa matattun agoguna ne jibge, wani ba tsinke, wani ba murfi. Da can su da yawa ne a layin. Salula ta shigo ta kwashe musu kasuwa, yau yawancin aikinsa sa batir ne da rage tsawon sarƙa.

Wata Alhamis na kai masa agogo biyu. Ɗaya Seiko 5 ne na mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsarabar hajji, ya girmi yawancin 'yan kabu-kabun da ke tsaye a bakin kasuwar. Ɗayan sabo fil, baƙar fuska, ga ɗan kambi a goshi, ga rubutun Rolex a ƙasansa. Wani aminina ne ya riƙo mini daga Dubai. Na tura masa sabon na ce, "Baba, duba mini wannan, na gaske ne?"

Ko kallon rubutun bai yi ba. Ya ɗora shi a tafi ya jinjina, ya girgiza kusa da kunne, sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, saya ka yi ko ba ka aka yi?" Na ce tsaraba ce. Ya ce, "To madalla, ba ka yi asara ba." Ya kwance murfin baya, ya miƙo mini ɗan madubin da yake maƙalawa a ido. Wani ƙanƙanin inji na gani a tsakiya, an kewaye shi da farin zoben roba don kada ya riƙa yawo, kamar yaro cikin babbar rigar ubansa. Da ya buɗe na tsoho kuwa, inji ya cika gidansa taf, man ciki ya bushe amma komai yana inda maƙerinsa ya aje shi.

Nawa dai jabun talaka ne, irin wanda ba ya haura jika ashirin na sefa. Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar da dattijon ya yi yana mayar da murfi, cewa akwai waɗanda ake kawowa yanzu da shi kansa, duk daɗewarsa a sana'ar, ba zai rantse a kansu ba. To idan ido ba ya rabewa, gwani ma yana shakka, me mutum yake saya sa'ad da ya zuba miliyan shida ko fiye a kan agogo guda?

Sai an san abin da ke cikin gidan kafin a gane rigimar. Agogon da ba ya cin batir, ƙarfinsa yana cikin wani dogon siririn ƙarfe da aka naɗe a ɗan gwangwani. In ka murɗa kan agogon, wato ka yi masa wani, ƙarfen nan kake ɗaurewa. Shi kuma so yake ya warware gaba ɗaya, da za a ƙyale shi da tsinkayen sun yi gudun fanfalaƙi sun tsaya nan take. Duk hikimar agogo a wajen hana shi take. Kamar maigida ne da ya cika rumbu bayan kaka, bai buɗe kowa ya ɗiba ba, tiya-tiya yake fitarwa don hatsin ya kai damina. Mai awon a cikin agogo wani ɗan zobe ne da ke lilo, ya je ya dawo, an ɗaura masa naɗaɗɗen zaren ƙarfe da bai kai kaurin gashin kai ba. Duk lilo ɗaya, wani ɗan ƙugiya ya saki haƙori ɗaya na ƙafar da ke bayansa. Wannan ce ƙarar da kake ji in ka kara a kunne. Na mahaifina yana bugawa sau 6 a sakan. Rolex na zamani sau 8, wato 28,800 a awa, 691,200 a yini da kwana. Inda ƙarafa ke gugar juna an dasa 'yan duwatsun yakutu na haɗi don kada su cinye, su ne lambar nan 17 ko 21 da ake gani a fuskar tsofaffin agoguna. Wanda ake ce wa atomatik kuma an ƙara masa faifai mai siffar rabin wata, yana juyawa duk sanda ka motsa hannu, shi ke yin wanin a madadinka. Rolex ya fito da nasa a 1931.

Yanzu ga abin dariyar. Hukumar da ke gwada agoguna a Suwizalan, COSC, wadda aka kafa a 1973, tana ba inji shaida idan bai yi jinkirin da ya wuce sakan 4 ko gaggawar da ta wuce sakan 6 a rana ba. Rolex ya matse nasa tun 2015 zuwa sakan 2. A lissafa, sakan 2 sau talatin, minti guda ke nan a wata. Baƙin Casio na roba, F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma yake hannun ɗalibai da masu shayi har gobe, alƙawarinsa sakan 30 ne a wata. Ashe in don lokaci ne, na roba ya ci gasar. Balle mu da alƙawarinmu "bayan la'asar" ne ko "in an fito isha'i", wa zai tuhumi wani a kan sakan biyu?

'Yan Suwizalan sun san haka, kuma da wuya suka sani. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da dutsen kwaz da ya shiga kasuwa, kuɗinsa Yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Ba a daɗe ba irinsa ya yi araha har ya kai ƙauye. Ma'aikatan agogo a Suwizalan da suka kai kusan 90,000 a 1970 suka koma kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka tsira sun tsira ne da sauya haja. Tunda ba za su iya da Japan a daidaito da araha ba, sai suka koma sayar da aikin hannu, da tarihi, da suna. An ga alamar tun 1972, da Audemars Piguet ya fitar da Royal Oak, zanen Gérald Genta, agogon farin ƙarfe da aka sa wa kuɗin da ya fi na agogunan zinariya da yawa. A 1976 Patek Philippe ya biyo da Nautilus, zanen mutum ɗaya. Wannan ya yi wa Alhazanmu daɗi ba tare da an nufe su ba, don namiji Musulmi zinariya ta haramta gare shi, ga shi kuma agogon da duniya ta fi rububi na ƙarfe ne zalla.

Shi Rolex tun asali gwanin talla ne. Wani Bajamushe, Hans Wilsdorf, ya kafa kamfanin a Landan a 1905 tare da surukinsa Alfred Davis, ya koma Jeneba bayan yaƙin duniya na farko. A 1926 ya yi gidan agogon da ruwa ba ya shiga, Oyster. Shekara ta zagayo, wata mai ninƙaya, Mercedes Gleitze, ta yi sama da awa goma cikin ruwan sanyin da ke tsakanin Ingila da Faransa da agogon a jikinta, ya fito yana aiki, Wilsdorf ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya shelanta. Kusan shekara ɗari ke nan ana gina sunan nan, tubali bisa tubali. Shi ya sa mai tallan faifai a tashar mota bai san Patek ba, bai san Audemars ba, amma ya san kambi.

Submariner na Rolex, wanda ya fito a 1953 kuma nawa ya kwaikwaya, kuɗinsa a kantin kamfani yana kewayen Yuro dubu goma. A canjin sefa kusan 656 kan kowane Yuro, miliyan shida da rabi ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, mai wannan albashin sai ya yi shekara 13 bai ci ba bai sha ba kafin ya ɗaura shi. An yi shi ne don masu nutso, na yanzu yana jure zurfin mita 300. Nakan yi murmushi in na gan shi a hannun mutumin Damagaram, garin da watan Afrilu ke tarar da mu cikin layin jarkoki a bakin famfo. Ruwan da ya fi yawan taɓa shi na alwala ne.

Ko da kuɗinka a hannu ma ba lallai a sayar maka ba. Kamfanin ba ya faɗin adadin da yake ƙerawa, masu bin kasuwar suna kiyasin miliyan ɗaya ko sama da haka a shekara, amma masu nema sun fi. Daga 2020 zuwa farkon 2022 abin ya zama hauka. Mutum ya rubuta suna a kanti ya jira shekaru, in ya samu Daytona na ƙarfe, wani samfurin Rolex, ya fito bakin ƙofa ya sayar ninki biyu ko fiye. Daga bazarar 2022 farashin na hannu ya fara gangarowa, tare da faɗuwar kuɗin kirifto, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka kwana ciki. Can sama kuma akwai wata duniyar daban. Daytona na ɗan fim Paul Newman an yi gwanjonsa a 2017 kan Dala miliyan 17.8, wani Patek Philippe na ƙarfe kuma ya kai Faran na Suwizalan miliyan 31 a 2019.

Masu tara agogo na haƙiƙa ba ƙyalli suke bi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta harkarsu. Lambar samfuri suke kwatantawa, da shekarar fita, da siffar harafi ɗaya a fuska, da ko an taɓa goge jikin. Agogon da aka goge ya yi fes ya rage daraja, don an ci masa kaifin gefe. Fuskar da rana ta ƙona, baƙi ya koma ruwan ƙasa, ita ce mai tsada. Da ana biyan kuɗin ƙunar rana kawai da mu nan mun yi arziki. Abin da suke nema shi ne tabbacin cewa abin nan shi ne shi, tun ranar da ya fito har yau ba a taɓa shi ba. Daidai wannan tabbacin ne jabu ke ci.

Jabun kuwa hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne na faifai, mai batir, tsinken sakan yana tsalle ɗai-ɗai, ruwan zinariyarsa yana barin kore a wuyan hannu kafin ƙaramar salla ta zagayo. Wannan ba ya ruɗar kowa, mai sayarwa ma yana dariya yake faɗin sunan. Na tsakiya irin nawa ne, inji mai wani na gaske amma mai araha, jiki mai ɗan nauyi, daga nesa sai a ce shi ne. Na sama shi ne wanda dattijon ke nufi. Yawanci daga kudancin Sin yake fitowa, wajen Gwanzu, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari. Masu yin sa sukan sayi na gaske guda su wargaza shi ƙusa-ƙusa, su auna kowane yanki da na'ura, su yanka irinsa. Ƙarfen 904L da Rolex ke alfahari da shi suna sawa, gilashin da ba ya ƙarzuwa suna sawa, zoben tangaran na kewayen fuska ma haka. Har injin sun kwafa, siffa da girma, ta yadda wasu kayan na gaske kan shiga cikinsa daram. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan Dala, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na na asali ba. Ƙungiyar masu agogo ta Suwizalan takan ce jabun da ake yi a shekara miliyoyi ne gommai, alhali duk abin da ƙasar ta fitar waje a 2023 bai cika miliyan 17 ba. Jabu ya fi na gaske yawa a duniya.

Shi ya sa duk dabarun da ake koya wa juna a fada wajen shan shayi sun tsufa. Wai a duba tsinken sakan, in yana sulalewa ba tsalle to na gaske ne. Nawa na jika ashirin ma yana sulalewa. Wai nauyi. An daidaita. Wai ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata ya ƙara girman lamba ninki biyu da rabi. Sun iya. Ɗan kambin da kamfanin ya fara zanawa cikin gilashi wajen ƙarfe shida a farkon shekarun 2000, wanda sai da madubi ake gani, shi ma an kwafa. Koren akwati, katin garanti, takardar saye, duk akwai masu buga su. Kowace alama kamfanin ya ƙirƙiro, ya ba masu kwafi aikin 'yan watanni ne kawai.

Bambancin bai ɓace ba, ya dai nutse ciki inda ido ba ya kaiwa. A ƙarƙashin madubi mai ƙarfi gefen ƙarafan na asali sumul yake, na jabu da kaushi da ɗan ɓurɓushi. Zoben lilon Rolex da wasu ƙananan ƙusoshi a jikinsa ake saita shi, zaren kuma haɗin ƙarfe ne na musamman da maganaɗisu ba ya ruɗawa. A jabu sau da yawa siffar kawai aka yi, aikin na wani abu ne daban. Akwai na'urar da ke sauraron bugun agogo ta zana shi a allo, a kwantar da shi, a tsayar, a kifa, a ga ko bugun zai canza. Sai mai, wanda ake ɗigawa da bakin allura, kowane gurbi da irin nasa. Sai robar da ke hana ruwa da ƙura. Duk waɗannan ba ranar saye suke magana ba, sai bayan shekara uku ko biyar.

Mu nan ba baƙi ba ne a wannan darasi. Kowane magidanci ya san shaddar Getzner ta Ostiriya da wadda ake bugawa a Sin da hatimi iri ɗaya. Matanmu sun riga mu nisa, tun zamanin iyayensu suke rabe atamfar Holan ta Vlisco da kwafinta da ɗan shafawa da duban baki. Amma shadda tana da kirki, wanki ɗaya ko biyu take tona asirin kanta, wanda aka cuta ya koma wa mai kanti tun bai manta fuskarsa ba. Agogo sai ya bari ciniki ya tsufa.

A nan ne na ga Zinder ta juya lissafin da aka yi a Jeneba. Can, agogo ne ke shaidar mutum, a ga abin hannunka a san ajinka. Nan babu kantin kamfani, mafi kusa sai an tsallaka zuwa Abuja ko Legas. Babu na'urar gwaji a kowane lungu, babu wanda zai ce maka cire in buɗe. Saboda haka hannu ne ke shaidar agogo. Alhajin da aka san motocinsa na dakon kaya tsakanin Kano da Agadas, in ya ɗaura na jika hamsin ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, babu mai ko tunanin jabu ne. Yaron da ke sayar da katin waya a Sabon Gari kuwa, ko da gadon na gaske ya ci, abokansa za su ce, "Kai, wannan ɗan Cana naka ya yi kyau." Wato wanda jabu zai yi wa aiki shi ne wanda ba ya buƙatarsa, wanda ke buƙatarsa kuma ba ya yi masa aiki. Na daɗe ina zargin cewa cikin manyan agogunan da ke walƙiya a sahun gaba na ɗaurin aure, masu kuɗin ne suka fi sa kwafi, hankalinsu kwance, na gasken in akwai yana Yamai ko Dubai cikin akwatin ƙarfe.

Kuma in an bi ta hankali ba su yi wauta ba. Ƙasarmu ba ta tausayin inji. Zafin bazara yana busar da mai yana taurara roba. Ƙurar hunturu, wadda ke shiga har cikin tukunyar da aka rufe, kan agogo kawai take jira a bari a kwance. Salula da lasifika suna da maganaɗisu, tsohon agogo in ya kwana a kansu sai ya kama gudu. Rolex yana ba da garantin shekara biyar, yana shawartar a kai agogo wanki da sabon mai wajen kowace shekara goma, aikin da ke cin ɗaruruwan Yuro ban da kuɗin hanya. Mai na gaske a Zinder kamar mai ingarman doki ne a garin da ba ciyawa.

To ina laifin yake? A ganina mutum uku ne ake cakuɗawa cikin magana ɗaya. Akwai wanda ya sayi jabu ya san jabu ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan tsakaninsa da kansa ne, ko da yake ina ganin akwai 'yar ƙarya da yake ɗaurawa a hannu kowace safiya, ƙaryar da ba sai ya buɗe baki ba. Akwai mai sayarwa da ke cewa, "Alhaji, kwafi ne, amma mai kyau." Wannan bai cuci mai saye ba, sunan wani dai ya ɗauka ba izini, kuma doka ta san da haka. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai kare tambarin kamfanoni, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, duk da cewa ban taɓa ganin an tare mai faifai a tasha ba. A Faransa kuwa abin ba wasa, 'yan duwan suna ƙwacewa a filin jirgi, dokar kuma ta tanadi tara har Yuro 300,000 da ɗaurin shekara 3. Mai shirin tafiya ya bar abinsa a gida.

Na ukun shi ne ɓarawo. Shi ne mai zuwa da labari, wai wani Bature ne ya matsu, wai na wani babban mutum ne da ya rasu iyalai ke neman kuɗi, ga akwati ga takarda, miliyan biyu kawai. Farashin da kansa tarko ne, ya yi yawa ga jabu, ya yi kaɗan ga na gaske, daidai inda kwaɗayi ke rufe ido. Hukuncin wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, na tarin abincin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu ciki ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Murfin bayan agogo shi ne ƙasan tarin.

Kada kuma wanda aka taɓa cuta ya ɗauka ƙauyancinsa ne. Akwai wani nau'in da ya fi jabu wuyar kamawa, agogon haɗe-haɗe, jiki na gaske, inji na gaske, amma fuska daga wani, tsinke daga wani, zobe daga wani. A Nuwamba 2021 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Jeneba kan sama da Faran miliyan 3, mai irin fuskar nan da ta koma ruwan ƙasa. Kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a ciki. In maƙerin abu zai sayi nasa a ruɗe shi, ina ga ɗan kasuwar da ya ga hoto a WhatsApp? Ba mamaki da Rolex ya fara, a ƙarshen 2022, sayar da na hannu da hatiminsa na tabbatarwa. Kamfanin ya gane cewa yarda ita ce hajar da ta fi ƙaranci, ya sa mata kuɗi.

Da wannan nake komawa ga tambayata. Cikin miliyan shidan nan akwai aiki na gaske, inji da zai yi shekara hamsin in ana kula da shi, kuma za a sami kayan gyaransa. Amma wannan kaso bai kai yadda masu talla ke so mu ɗauka ba, masu kwafi sun nuna cewa siffar da ƙarfen ba su ne tsadar ba. Kaso mafi girma suna ne, da kuma abin da sunan ke jawowa, wato cewa in ka matsu gobe akwai mai saye a Dubai ko Paris da zai ba ka kuɗi masu kauri. Jabu, kome kyansa, ranar da ka biya ranar kuɗinka suka mutu. Kamfani ba ya karɓarsa gyara, in wani haƙori ya karye a injin kwafi sau da yawa sai dai a nemo wani injin ɗungum. Mai kwafi ya iya kwafar abin da ke cikin akwati, bai iya kwafar layin masu jira a bayan akwatin ba.

Wanda kuma injin ne ya burge shi, ba kambin ba, hanyarsa a buɗe take ba tare da ya ari sunan kowa ba. Seiko 5 tun 1963 ake yin sa. Akwai Orient, akwai Citizen, akwai Tissot ga mai ɗan hali, akwai tsofaffin Rado da alhazai suka dawo da su. Sin ɗin ma da ake zagi tana da Seagull na birnin Tiyanjin, masana'antar da ta faro tun 1955, tana sa sunanta a goshin kayanta. Lilo iri ɗaya ne, ƙara iri ɗaya. Na fi ganin girman matashin da ya tara uku irin waɗannan, ya san shekarar kowanne da abin da ke cikinsa, a kan mai akwati cike da kambin da yake addu'ar kada a buɗe.

Dattijon ya riƙe na mahaifina kwana huɗu. Ya wanke shi, ya sa mai, ya canza robar murfi da wata da ya ciro daga cikin matattun akwatinsa. Da na zo karɓa ya ce, "Ɗana, kada ka aje shi kusa da salula, kuma kada ka bari ya kwana biyu ba a hannu ba." Yana jinkirin kusan rabin minti a rana, duk Juma'a kafin in tafi masallaci nakan saita shi da agogon waya.

Na Dubai kuwa a damina ta biyu ya tsaya, raɓa ta taru a cikin gilashin. Na mayar wa dattijon, ya juya shi sau ɗaya ya ce kuɗin gyaran ya fi kuɗinsa. Ɗan yayata ya gan shi a kan tebur ya ce, "Kawu, ba ni mana." Na ce ai ba ya aiki. Ya ce ya sani. Da shi ya je bikin abokinsa a Birni, cikin farar shadda, hannun riga a ɗan naɗe. Na ga hotunan, a kowanne ƙarfe huɗu da minti goma ne.